Ƙugi a Ƙarƙashin Muryar Malam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwana har na ga furfura a kan 'ya'yana. Wannan babin na rubuta shi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kowa yana ƙara mata gishiri gwargwadon bakinsa. Kwanan baya a wurin suna na ji wata jikata tana gaya wa ƙawayenta wai mahaifina, Malam, ya yi nishi a cikin akwatin rediyo bayan ya rasu. Ba haka aka yi ba. Akwatin nawa ne, a ɗakina abin ya faru, kuma yau ban da ni babu wanda ya rage cikin waɗanda suka gani da idonsu. Da ajami nake rubutawa, kamar yadda Malam ya koya mini. Wanda ya ga dama a cikinku ya mayar da shi boko, amma kada ya rage, kada ya ƙara.

A shekarun da arzikin mai ya shigo ƙasar nan, ina sana'ar hatsi da gyaɗa tsakanin kasuwar Babura da Kano, Allah kuma ya buɗa mini daidai gwargwado. Shekarar da aka ja wutar lantarki zuwa unguwarmu a Kazaure sai na yi abin da samarin 'yan kasuwa ke yi a lokacin, na sayo rediyogiram. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Wani dogon akwati ne na katako mai ƙyalli, tsawonsa ya kusa na gado, a cikinsa akwai rediyo da garmaho na faifai da rikoda ta kaset, ga lasifika a kowane gefe. Aka kafa shi a shigifa, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Mai haɗa wutar da ya zo da shi ya huda bango ya fitar da wata siririyar waya, ya ce wayar ƙasa ce, dole a ɗaure ta a jikin rodi a binne. Kun san ƙasar Kazaure, tsakuwa ce da dutse. Ya buga rodin nan ya ƙi shiga, ya matsa can ya lanƙwashe, sai da ya zo gindin bangon, dab da wani faffaɗan dutse, nan ne rodin ya nutse kamar a cikin tuwo. Ya ɗaure wayarsa, ya rufe da ƙasa, ya tafi. Ni hankalina yana kan faifai, ban sake tuna wannan waya ba.

Faffaɗan dutsen nan shi ne dutsen alwalar Malam. Tun kafin a haife ni ya ɗauko shi daga Roni, garinsu, a kan jaki. A kansa yake zama da butarsa kowace salla, ba ya canja wuri, kuma shi mutum ne mai sabunta alwala ko da tasa ba ta karye ba. In zai taɓa takardunsa sai ya yi, in baƙo ya ɓata masa rai sai ya yi.

Da farko Malam bai so akwatin ba. Ranar da aka kunna shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube shi, ya dube ni.

"Auta, wannan makara ce ko wurin kwana?"

"Rediyo ne, Allah ya gafarta Malam."

"To, Allah ya sa ya san lokacin salla."

Amma da ya ji ana iya ɗaukar muryar mutum a ajiye, sai ya sassauto. Yana da waƙoƙin wa'azi da ya tsara da kansa tun yana matashi, idonsa kuma ya fara rauni, ba ya iya karanta rubutunsa sosai. Wata ranar Alhamis da hantsi ya shigo ya zauna a kan buzu, ya ce in kunna abin nan. Ya rera su da ka, a hankali, har muka cika kaset. A tsakiyar wata waƙa akuya ta shigo tana neman cin gefen buzun, ya katse ya ce, "Kai, ku kore mini shegiyar akuyar nan," sannan ya yi istigfari ya ci gaba. Duk rikoda ta ɗauka. Da aka mayar masa ya ji, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe haka mala'iku suke fama da mu.

A ƙarshen sanyin shekarar Allah ya karɓi abinsa. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Mahaifiyata, Inna, ta shiga takaba, gidan ya yi tsit. Ba wanda ya ba da umarni, amma daga ranar babu wanda ya sake zama a kan dutsen nan. Matata Hajara ta wanke butarsa ta rataye. Yara in za su wuce sai su kewaye. Ko ruwan wanke hannu ba a yarda a zuba a wurin ba, don girmamawa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta fara shigowa shigifa da hantsi, in maza sun fita. Takan zauna a tabarma ta ce in sa mata Malam. Ba ta kuka. Takan sunkuyar da kai har a zo wurin akuya, sai ta yi ɗan murmushi, ta ce a kashe haka nan. Wannan ne abincin ranta a makonnin farko, ni kuma na gode wa Allah da ya sa na sayi akwatin.

Sai bazara ta kama. Wata rana ina kunnawa na ji wani abu can ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin muryar Malam, wani ƙugi mai kauri kamar na babbar mota da ta tsaya a nesa ba a kashe ta ba. Ba shi da ƙarfi, na ce ko kunnena ne. Bayan kwanaki ya ƙaru. Ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya numfasawa, yana nan shimfiɗe, har in ka dafa katakon sai ka ji yana rawa a tafin hannunka. Inna ta ɗago kai ta dube ni.

"Auta, kana jin abin da nake ji?"

"Wuta ce, Inna. Ƙarfen Nasara ne, haka suke yi."

"Da yana raye ya yi?"

Gaskiya kuwa, da yana raye bai yi ba.

Na san inda zuciyarta ta tafi. Inna ta tashi a gidan malamai, ta san abin da littattafai suka faɗa a kan kabari da matsinsa. Rabin waƙoƙin Malam ma a kan haka suke. A wurinta, mijinta ne ke nishi a inda yake kwance. Ta fara rage cin abinci. Hajara ta kai mata tuwo ta dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Ta shiga azumi ba ƙaƙƙautawa a cikin wannan zafi, tsohuwa mai ciwon ƙafa, wai tana nema masa sauƙi. Kuma ba ta daina zuwa shigifa ba. Kullum sai ta zo ta ji ko ya ragu.

Na shiga neman dalili kamar mai neman ɓatacciyar dabba. Na cire kaset ɗin Malam na sa wani, ƙugi yana nan. Na sa faifai, yana nan. Na murɗa rediyo ana labarai daga Kaduna, yana nan a ƙarƙashin mai karanta labaran. Na yi murna, na kira Inna na ce ta ji, ai ba a muryar Malam abin yake ba, har mai labarai ma yana yi masa. Ta saurara ta ce,

"To ai ka ƙara tsorata ni. Ashe ba a kaset yake ba, a gidan yake."

Na kashe fanka. Na kashe doguwar fitilar nan mai farin haske, wadda ita ma takan yi nata zuzu. Na sa aka cire firjin Hajara daga wuta yini guda har ƙanƙararta ta narke, ta bi ni da harara. Na roƙi maƙwabcinmu mai injin niƙa ya tsayar da injinsa na ɗan lokaci, ya tsayar yana yi mini tsiya wai ko rediyon nawa ne ke son barcin rana. Na cire lasifika ɗaya, na mayar, na cire ɗayar. Na jawo akwatin daga jikin bango, na sa masa tsumma a ƙafafu. Duk a banza.

Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne ranar da Inna ta miƙa hannu ta dafa ƙarfen fuskar akwatin, ƙafarta ba takalmi a kan daɓe. Nan take ƙugin ya lafa. Ta ɗauke hannu ya dawo. Ta mayar ya lafa. Ta dube ni ta ce,

"Ka gani? Ya san hannuna."

Daga ranar sai ta riƙa zama a gaban akwatin, hannunta a kan ƙarfe, har kafaɗarta ta ƙage.

Na kwance akwatin na ɗora a motar gyaɗa na kai Kano wurin mai gyara. Ya haɗa shi a teburinsa, muka kasa kunne. Tsit. Muryar Malam ta fito garau kamar yana zaune a shagon. Mai gyaran ya buɗe baya, ya hura ƙura, ya duba, ya ce Alhaji kayanka lafiya lau, ko sabo albarka. Na dawo gida da farin ciki, na mayar da kowace waya inda take, na kunna. Ƙugi ya tarbe ni tun kafin Malam ya buɗe baki. Wannan tafiya ta Kano ita ta ƙarasa lalata al'amarin, domin labari ya fita cewa akwati ya yi shiru a Kano, ya yi nishi a gidan mamaci. Mata masu zuwa gaisuwa suka fara leƙen shigifa. Wata ta ce a yi sadakar baƙin bunsuru. Wata ta tambayi Hajara a asirce ko Malam ya taɓa riƙe amanar wani.

Maganar ta kai Babura, inda yayana Haruna yake aikin hukuma. Shi ne babba, kuma tunda Malam ya rasu shi ne uba. Ya zo ran Juma'a, ya shiga ya ga Inna, ya fito idonsa ja. Ya kira ni zaure.

"Ka ga yadda ta koma?"

"Na gani, Yaya."

"Ka gani kana zaune kana wasa da wayoyi. Wanda ya mutu ya mutu. Allah ya ɗauke murya, kai ka ce sai ka riƙe ta a akwati. Kawo kaset ɗin a ƙona, akwatin kuma ka fitar da shi daga gidan nan."

Ku sani, ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Tsoron rasa uwa ne, kuma ni ma tsoron nan yana cina. Amma na yi tunani: in aka ƙona kaset ɗin alhali tana kan wannan zato, to da zaton za ta zauna har ta mutu. Ba za ta ce nishi ya ƙare ba, za ta ce an toshe mata kunne ne kawai. Tunda nake ban taɓa ce wa Yaya a'a ba. Na durƙusa na ce,

"Yaya, ka yi mini haƙuri. Ba zan ƙona ba sai na gano."

"Ni kake gaya wa haka?"

"Ka gafarce ni."

"In wani abu ya same ta, kai ka sani."

Ya tashi ya sa takalmi. Hajara ta aiko da abinci, ya ce ya ƙoshi. Ya hau mota bai yi mini sallama ba.

Ana cikin haka sai Ardo Buba ya iso. Bafulatani ne na wajen Kanya Babba, abokin Malam tun suna samari. Rasuwar ta same shi yana can kudu da shanu, sai yanzu ya dawo ya zo gaisuwa. Ya gai da Inna daga bayan labule, suka yi kuka, ya sauka a zaurenmu. Da azahar ta yi ya ɗauki buta, ya wuce kai tsaye ya zauna a kan dutsen Malam. Hajara ta zaro ido, ta yi mini nuni. Na matsa na ce a hankali,

"Baffa, ga wani wuri can an share."

"Me ya sami wannan?"

"Na Malam ne. Tunda ya rasu ba a zama."

"Yo dutsen ma takaba yake yi? Ni da Malam mun yi alwala a nan tun ba a san za a haife ka ba. Miƙo mini ruwa, yaro."

Ardo mutum ne da ya sha ƙishirwar daji, in ya samu ruwa ba ya yi masa da wasa. Buta ɗaya ba ta isarsa. Ya yi alwala, ya wanke ƙafafu har gwiwa, ya jiƙa rawani ya matse, ya zuba saura a ka. 'Yan kwanakin da ya yi mana, gindin bangon nan bai bushe ba. Kuma a kwanakin nan ƙugi ya yi ta ja da baya har sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi. Inna ta ce addu'ar Ardo ce. Ta sha fura, ta ci tuwo. Ardo ya koma rugarsa, rana ta ci gaba da dukan ƙasa, kafin mako ya zagayo ƙugi ya dawo, Inna ta koma azuminta.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ban raina addu'ar Ardo ba, amma na san mutane da yawa sun yi addu'a a gidan nan, har da manyan malamai, ƙugi bai motsa ba. Me Ardo ya yi wanda sauran ba su yi ba? Ina wannan tunani da la'asar, ina tsaye a tsakar ƙofar gida, sai idona ya faɗa kan dutsen. Ƙasar gindinsa ta bushe ta tsattsage. Wata kaza ta yi tono a wurin, ga kan rodi ya fito, ga siririyar waya ta bi bango ta shige shigifa. Na tsuguna. Na tuna yadda rodin ya ƙi shiga ko'ina sai nan. Na tuna dalilin da ya sa nan ɗin ke da laushi. Na ce la'ilaha illallahu.

Ban gaya wa kowa ba sai da gari ya waye, domin ina so Inna ta ji da kunnenta. Da hantsi ta shigo kamar kullum, tana dafa bango. Na sa kaset, ƙugi ya cika ɗakin. Ta miƙa hannu za ta dafa ƙarfe, na ce,

"Inna, yau kada ki taɓa. Ki saurara kawai."

Na leƙa ta taga na ce wa Hajara ta ɗauko tulu ta juye a gindin dutsen Malam.

"A ina?"

"Inda kika ji."

"Ni ba ruwana, kai ka ce."

Ta juye. Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Na ce ta ƙaro. Ta ƙaro, ta sake ƙarowa, tana gunaguni wai ruwan da aka sayo don girki. Da farko ba abin da ya canja. Can sai ƙugin ya fara sirancewa, kamar motar nan da ta daɗe a tsaye ta ja ta yi gaba. Ya yi nisa, ya yi nisa. Muryar Malam ta rage ita kaɗai a ɗakin, har ana jin numfashinsa tsakanin baiti da baiti. Daidai nan ya katse ya ce a kore masa akuya.

Na durƙusa gaban Inna na yi mata bayani da kalmomin da zan iya. Na ce akwatin yana da wata waya da ke zubar da dattin wuta a cikin ƙasa, amma sai ƙasar tana da danshi take karɓa. Shi ya sa ya yi shiru a Kano, inda tasu wayar ke da kyau. Shi ya sa yake lafawa in ta dafa, domin ta jikinta yake bi ya sauka. Ruwan alwalar Malam ne ke jiƙa wurin tun ranar da aka kafa akwatin. Da ya rasu muka hana kowa zuba ruwa, bazara ta zo, ƙasa ta bushe.

Ta dubi akwatin, ta dube ni. Sannan ta ce,

"Wato ba nishi yake ba."

"Ba nishi yake ba, Inna."

"Ruwan alwalarsa aka rasa."

"Shi ne kawai."

Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Na ɗauka kuka take, ashe kuka ne da dariya a haɗe. Da ta sami numfashi ta ce,

"Allah Sarki, Malam. Har ƙarfe ya shaida ba ka wasa da alwala." Ta share ido ta ɗaga murya. "Hajara! Akwai sauran ɗumame?"

Hajara ta ce akwai, amma ruwan miya ne babu, an ba dutse.

Daga baya mai haɗa wuta ya zo ya sa rodi mai tsawo, ya zuba gawayi da gishiri a ramin, ya ce ko ba a jiƙa ba zai riƙe. Na aika wa Yaya Haruna da bayani. Ya zo ranar fitar takaba, ya ga Inna ta murmure, ya yi hamdala. Amma a'ar da na ce masa a zaure ba ta bar shi ba. Mun ci gaba da zumunci, ya riƙe 'ya'yana kamar nasa, sai dai wani abu ya ragu a tsakaninmu wanda bai dawo ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ya zauna ya ji kaset ɗin ba. Ku 'ya'yansa da nawa, kada wani ya ce muku ɗayanmu ya ƙi uwarsa. Kowa ta hanyarsa ya so ta. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam da Ardo Buba, ya haɗa mu da su a inda babu tsoro.

Akwatin ya daɗe da mutuwa, katakonsa ne Hajara ta mayar wurin ajiye kwanuka. Kaset ɗin kuwa kun san an juye shi, yana cikin wayoyinku, har da akuyar. Dutsen yana nan inda yake, kuma ban yarda a sake kewaye shi ba.

Na gaya wa Inna cewa da sabon rodi ba sai an ƙara zuba ruwa ba. Ta ce ta ji. Washegari da azahar na fito na tarar ta sauko da butar Malam daga inda aka rataye ta, tana zaune a kan dutsen, ta naɗe hannun riga. A nan ta yi alwalarta har ƙarshen ranta.